Dikoda, Kati, da Kofin Shayi

Pantai Dalam,
Kuala Lumpur.

Zuwa ga Halifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da abokan zamanka. Allah Ya tsare ku daga wannan annoba, Ya sa sabon wurin da ka koma ya karɓe ka. Mu nan ƙalau muke. Takardar tana cikin leda a ƙarƙashin kular miyar kuka. Idan ka ga ta yi maiƙo a gefe, mai babur ɗin da ya kawo maka za ka tambaya, ba ni ba.

Mamanku ta ce ka ce a tambaye ni wanne ya kamata ku sa a gidan da kuka kama a Bukit Jalil: dikoda zalla, ko katin nan da ake zurawa a bayan talabijin, ko kuwa dikoda mai naɗar shiri, wadda mu a gidan nan muke kira rikoda. Lambata tana cikin wayarka, amma ka bi ta hannun Mamanku. Ban ga laifinka ba, ga shi ni ma ta hannunta amsar ta biyo. Haka muka saba. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ka ci, sunan da ban taɓa kamawa da bakina ba. Da gangan na rubuta da Hausa. Inda kalma ta kakare maka ka kira Mamanku, kada ka tambayi ƙanwarka Nana, don ita Hausarta a "ina kwana" ta tsaya.

Duka ukun na taɓa su, kuma babu wanda ban yi wauta a kansa ba. Zan gaya maka yadda aka yi, sai ka zaɓa.

Lokacin da za mu taho ƙasar nan karatuna, kana firamare, na naɗe dikodarmu ta Kano a cikin zani na cusa a akwati. A filin jirgi aka ce kayanmu sun yi nauyi, sai an rage. Na dubi dikoda, na dubi ƙullin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da Mamanku ta yi wata guda tana haɗawa, na ce a cire ƙullin. Ta kalle ni, ta miƙa wa ƙanina da ya rako mu. Da muka iso na jona dikoda da wayar da ke jikin bango, na danna duk abin da yake dannuwa, ko gezau. Ni da nake koyar da labarin ƙasa, ban tsaya na tuna cewa tauraron da ke haska Kano ba ya leƙo wannan gefen na duniya ba. Ina durƙushe a gabanta da rimot a hannu Mamanku ta leƙo daga kicin.

"Malam, tunda ta ƙi kama tasha, ko a gwada ta a miya?"

Mun daɗe muna cin miya salam. Ita kuwa dikodar, ƙarshenta ƙofar baranda muka riƙa tokarewa da ita.

Saboda haka kafin ka sayi komai, ko ka karɓi wadda wani aboki ya ce zai ba ka kyauta, ka sauka ofishin masu kula da gininku ka tambaye su wace irin waya aka ja a bangon, kuma ko sun yarda a kafa dish a baranda. Wasu gine-ginen ba sa yarda. Abin da ya yi aiki a gidan wani ba lalle ne ya yi a naka ba, ko da titi ɗaya ne a tsakaninku.

Bayan nan muka karɓi dikoda zalla ta nan garin, kuma har yau ban ga aibunta ba. Ta kamfani ce, aro suke ba ka. Idan ta lalace ka kira su, su zo su canja. Tana nuna maka abin da ake yi yanzu da abin da za a yi anjima. Matsalarta rimot biyu, ɗaya nata ɗaya na talabijin, kuma kullum wanda kake nema shi ne ya shige ƙarƙashin kujera. In ta dish ce, ka san ruwan garin nan: da zarar hadari ya haɗu da la'asar, hoto ya tafi sai ya ga dama. Abin da za ka kula da shi sosai shi ne tsawon yarjejeniyar. Ku uku ne a gidan, kuma babu wanda ya san inda zai kasance baɗi. Kada ka yi saurin ba da sunanka don kawai kai ne ka fi su iya Malay. Wanda sunansa ke kan yarjejeniya shi ake nema, ko da sauran sun daɗe da komawa Abuja.

Katin kuma, sha'awa ce ta kai ni. Na je gidan wani abokin aikina na ga talabijin a manne da bango, babu akwati a ƙarƙashinta, babu wayoyi suna reto. Ya ce wani ɗan kati ne kawai a bayanta yake yin aikin dikoda. Dama Mamanku ta gaji da share wayoyin da ke bayan teburinmu. Ban yi shawara da kowa ba na sa aka kawo mini katin. Sai da ya zo na juya talabijin ɗinmu, wadda na saya a hannun wani ɗalibi ɗan Yaman da zai koma gida, na tarar ba ta da ramin da ake zura shi. Na haska da fitilar waya, na shafa ko'ina da yatsa, har ƙasanta na leƙa. Babu. Na mayar da ita yadda take, na jefa katin a durowa, na ce wa mutanen gidan na fasa ne don hotonsa ba ya fita sosai.

Kai dai ka juya talabijin ɗinku ka duba kafin ka yi waya. In tana da ramin, kuma kamfanin da ke ba gininku tashoshi yana ba da katin, don ba kowanne ke bayarwa ba, to abu ne mai sauƙi ga wanda bai zauna da gindinsa ba. Rimot ɗaya, ba tarkace, ranar tashi ka zare shi ka sa a aljihu. Sai dai ba ya naɗa, ba ya tsayar da shiri, ba ya komawa baya. Abin da ya wuce ka ya wuce.

Saura rikoda, ita ce maganarta take da tsawo.

Ka san dalilin da ya sa na karɓo ta. Ana buga ƙwallon Turai ne lokacin da garin nan yake barci, ni kuma ina da sallar Asuba, ina da aji. Na gwada raba dare, na ga ina gyangyaɗi a gaban ɗalibai. Rikoda ta raba wannan gardama. Ka sa ta ta naɗa, ka je ka kwanta, Lahadi da safe ka zauna da shayinka da roti, gurasar garin nan, da aka yi tapau, wato aka ƙunso, daga shagon mamak mai shayi, ka kalli wasan kamar yanzu ake bugawa. In an kira ka a waya ka tsayar. In ba ka yarda da fenariti ba ka koma baya ka sake gani. Wautarta ɗaya, ba ta san bambancin wasa da rashinsa ba. Ranar da aka yi ruwa, baƙin allo za ta naɗa maka tiryan-tiryan, ba ta tsallake komai ba.

Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne gaisuwa. Naɗaɗɗen wasa ba shi da daɗi sai in ba ka san yadda aka tashi ba, Bahaushe kuwa ba ya iya wuce ka bai yi maka barka ko jaje ba. Ka san Malam Sabi'u, mutumin Haɗejia da ke hawa na ƙasa da namu, wanda shi ba ya barci sai ya ga ƙarshen wasa. Ana sallame Asuba a ɗan masallacin gininmu zai juyo ya miƙo mini hannu.

"Malam, ya haƙuri? Allah Ya kiyaye gaba."

Shi ke nan, an gama da ni. Sai in hau sama in kalli wasan da na riga na san an lallasa mu. Na zaunar da shi na yi masa bayani, ya fahimta, ya yi alkawari. Mako na gaba bai ce uffan ba. Ya dai kama hannuna da hannu biyu, ya girgiza kai, ya yi ajiyar zuciya. Ranar da muka yi nasara kuma, tun daga sahu nake ganin haƙoransa.

Sai na ɓullo da dabara: da an sallame, in zare jiki in fita ta ƙofar gefe ban gaisa da kowa ba. Na daɗe ina haka, ina ganin na yi wayo, har matar Malam Sabi'u ta hau wajen Mamanku ta tambaye ta ko maigidanta ya yi mini wani laifi ne, don ya kasa cin abinci. Mu nawa ne Hausawa a unguwar nan da zan riƙa gudun hannun ɗaya daga ciki? Na koma gaisawa. Duk na'urar da za ta sa ka riƙa kauce wa gaisuwar mutane, ka sake duba ta, akwai abin da take ci maka wanda ba a rubuta a kwalinta ba.

Kai ma abin ya shafe ka, ban san ko kana tunawa ba. Kana aji ɗaya ko biyu na sakandare, sabuwar waya a hannunka. Na dawo daga masallaci, na zauna, na ɗauki rimot, sai ga ka ka fito daga ɗaki a guje.

"Baba, mun ci! A minti na ƙarshe muka ci!"

Na ce wa ya tambaye ka. Na kashe talabijin, na shige ɗaki. Da na fito wajen hantsi, rotinka yana kan faranti ba ka taɓa ba. Ƙwallon nan har yau ban gan ta ba, na goge wasan. In wani ya zo maka da albishir a guje, ka karɓa ka ba shi goronsa, ko da ya ɓata maka shiri. Shirin ana maimaita shi, amma yaron ba zai sake shigowa a guje ba.

Na zaci daga ranar ka bar kallo da ni. Lahadi ta zagayo, sai na gan ka zaune a kan kafet, hagu da kujerata, ka jingina da teburin shayi. Haka muka ci gaba shekara da shekaru. Kai ka yi wa gola faɗa, ni in yi wa alƙalin wasa. Ba ma kallon juna, amma duk hirar da ni da kai muke yi a mako, a nan muke yin ta. Rikoda tana iya tsallake hutun rabin lokaci da danni ɗaya, ban taɓa tsallakewa ba, don a nan kake magana. A hutun rabin lokaci ka gaya wa talabijin cewa karatun injiniya ba ya shiga kanka, kwamfuta kake so. Ni ma talabijin ɗin na amsa wa, na ce to, a canja tun da wuri.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, kuma shi ne ainihin amsar tambayarka. Na san kana duba sakamako a wayarka kafin ka fito. Tun farko na sani.

Kofin shayina ne ya tona ka. Wata rana mun ci ƙwallo na zabura, gwiwar hannuna ta ture kofin, shayi ya malale a kafet ɗin Mamanku, muka sha faɗa ni da kai. Bayan wannan sai na lura, wani lokaci ana tsakiyar wasa, ƙwallo ma tana can gidanmu babu alamar komai, sai ka miƙa hannu a hankali ka janye kofin zuwa tsakiyar tebur. Ba a jimawa sai mu ci. In kuma mu za a ci, sai ka ce, "Baba, a ƙara shayi?" ka tashi ka nufi kicin, ka bar ni in yi tsakina ni kaɗai. Ka dawo kana tambaya me ya faru, fuskarka kamar gaske.

Da na gane, na yi niyyar yin magana, don ka ga kai ma ɓata mini wasan kake yi, har ka fi Malam Sabi'u, shi sakamako kawai yake faɗa, kai har minti kake nunawa. Sai na ga ban ji haushi ba. Na koma ina kallon wasan da ido ɗaya, ɗayan yana kan hannunka. In rabin lokaci ya wuce ba ka taɓa kofin ba, hankalina ya tashi. In na ga yatsunka sun doshi tebur, sai in gyara zama. Kuma in ƙwallon ta shiga in yi ihu kamar ban sani ba, don kada wahalarka ta tafi a banza.

Sauran ka sani. Annoba ta zo, aka daina buga ƙwallo, aka dawo ana bugawa babu 'yan kallo, muna jin ihun masu horarwa kamar a filin makaranta. Sannan ka sami aikin nan, ka ce zirga-zirgar jirgin ƙasa a wannan yanayi ba ta da daɗi, gara ka koma kusa. Gaskiyarka ce, ni na ce a bar ka. Ba ka gama jera kaya ba aka sake rufe gari, aka datse hanyoyi.

An rufe masallacin gininmu, kowa a ɗakinsa yake salla. Malam Sabi'u sai dai mu hangi juna daga baranda, da takunkumi a fuskarsa, ba a ganin haƙoran. Abin da na yi shekaru ina nema ya samu, babu mai gaya mini yadda aka tashi. Lahadin farko bayan tafiyarka na haɗa shayi, na zauna, na kunna. Wasan ya yi sanyi, har na fara tunanin aikin ɗalibai da ban duba ba. Kwatsam sai muka ci. Na zabura, kofin ya kife.

Mamanku ta kawo tsumma ta goge, ba ta yi faɗa ba. Tana matse tsumman ta ce, "Ka kira shi mana." Na ce ba ni da abin da zan ce maka. Na tsayar da wasan a inda yake, ban ƙarasa ba. Kewarka na ji a ranar, sosai, kuma ban daina ji ba.

Tun daga lokacin ban sake kallon ko ɗaya ba. Rikoda tana ta naɗa, ni kuma na cire labarin wasanni daga wayata. Ga abu na ƙarshe da ya kamata ka sani game da ita: cikinta yana da iyaka. In ta cika ba ta tambayar kowa, sai ta fara goge mafi daɗewa don ta sami wurin sabo. Yanzu ta kusa. Na riga na goge shirye-shiryen girkin Nana don in sami wuri, tun shekaranjiya ba ta yi mini magana da kowane yare. Mafi daɗewa a ciki yanzu shi ne wasan da na tsayar.

To ga shawarata. In amfani kake tambaya, rikoda ta fi sauran biyun, nesa ba kusa ba. Na faɗa maka ne don kada wata rana ka ce na rufe ka. Mai aiki da safe a garin nan, mai son ƙwallon Turai, ita ce daidai da shi. In ka karɓe ta za ka ji daɗinta, ka kalli wasanka Lahadi da safe a kujerarka, da abokanka, ba sai ka hau jirgi ka canja wani ba. Kuma in an buɗe gari ba za ka sami dalilin zuwa Pantai Dalam da sassafe ba. Za ka zo, na sani, ka gaishe mu da Juma'a ko da Salla, ka durƙusa, in ce ya aiki, ka ce lafiya, in ce madalla, ka wuce kicin wajen Mamanku. Ni da kai ba mu iya hira ba sai da talabijin a gabanmu, kuma ban ga alamar za mu koya yanzu ba.

Saboda haka ka karɓi dikoda zalla, ko katin in talabijin ɗinku tana da rami. Ku kalli labarai da finafinanku. Naɗin ka bar mana shi a nan. Wannan roƙo ne, ba umarni ba, gidanka ne kuma kai kake biya. In abokan zamanka sun nace sai rikoda, ba zan ce komai ba.

Ka riƙa sa takunkumi in za ka shiga lif, ka wanke hannu, kada ka yi wasa da salla don babu mai tashin ka. Ka dawo da kular ta hannun mai babur, Mamanku ta ce wannan ce ta uku da ta tafi ba ta dawo ba. Tana gaishe ka, Nana ma na san da tana magana da ni da ta ce a gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya kare ka fita da shiga, Ya yaye mana wannan cuta, Ya buɗe hanyoyi muna da rai da lafiya.

Ranar da aka buɗe, ka taho da roti. Ka duba sakamakon duka wasannin kafin ka zo, har da mintin, ban hana ka ba. Kofin yana nan inda ka saba ganin sa, dab da gwiwar hannuna.

Wassalam.

Mahaifinka.